Jar Bosuwajar Marigayi Ishaq

Da hantsi Inna Mahasin ta shiga ofishin 'yan sanda na unguwar Faisal a Alƙahira, ko layi ba ta bi ba. Ta zarce teburin Insfekta Isam ta ce an sace motar mijinta.

"Yaushe rabonki da ganinta, Hajiya?"

"Wadda suke cewa ita ce, tana ƙofar gida yanzu haka."

Kofur ɗin da ke gefe ya kwashe da dariya. Irin dariyar da dangi ke yi mata tun jiya ke nan, wai tsufa ya fara taɓa mata kai. Ita da ke iya lissafo kowace amarya da motar nan ta ɗauka!

Jar Bosuwaja ce ƙirar 1966, mai rufin tanti da ake naɗewa baya. Da ita marigayi Ishaq ya riƙe gidansa tun zuwansu daga Sudan, yana zagaya gari da ango da amarya ranar biki. Bayan rasuwarsa ɗan ƙaninsa Tarig ya karɓi tuƙi. Ban da motar nan, Inna ba ta da abin dogaro a Alƙahira.

"Bakin tankin motar Ishaq a cikin but ɗin gaba yake," in ji ta. "Shi ya sa kullum sai ya sha mai kafin a lulluɓe gaban da furanni, in ba haka ba sai an kwance ado. Jiya bikin 'yar maƙwabta ina cikin motar, furanni fal, Tarig ya ratse gidan mai, aka buɗe wata 'yar ƙofa a gefe aka zuba. Mota tana tsiro da ƙofa ne?"

Insfekta ya dubi kofur har dariyar ta ɗauke. "Yalla, mu je."

Sun tarar da Tarig yana goge motar, ko gezau.

"Ma'alish, yi haƙuri yallaɓai, an wahalar da kai. Ni na sa Usta Badamasi bakanike ya huda ƙofar don sauƙi. Inna ce sai haƙuri, shekaru."

"Shekarun da na yi ina wanke maka kashi," ta ce.

Insfekta ya sa Inna ta ciro hoton Ishaq da motar daga bango. Ya tsuguna gaban fitilu yana duba nan, yana duba can.

"A hoto fitilun a kishingiɗe suke, da gilashi a kansu. Waɗannan a tsaye suke ƙyam. Su ma don sauƙi ka miƙar da su?"

"Na dā sun fashe."

"Da bambar duka? Ta hoto zagayayya ce, wannan mai faɗi ce. Wannan bamba da wannan ƙofar mai, sai daga 1968 aka fara yin su. Shiga ka tuƙa mu garejin bakaniken."

Usta Badamasi ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya rantse da abincin da yake ci cewa motar marigayi ce, gyaran fuska kawai ya yi mata.

"Ja ce tun asali?"

"Tun daga kamfani, yallaɓai."

Insfekta ya buɗe ƙofa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Ƙarfen da ke ƙarƙashi shuɗi ne shar.

Usta ya saki tsumman. Nan take bakinsa ya buɗe. Tarig ne ya kawo wata shuɗiya ƙirar 1969, ya ce a fesa mata ja, a mayar mata da lambar ta marigayi. Ta asalin kuwa tana wurin wani dillalin tsofaffin motoci a unguwar Ma'adi, wani Bature yana nemanta ido rufe.

"Ya ce da ni tsohuwar ba za ta gane ba, wai ita kowace jar mota mota ce."

Inna ta juyo. Kallon da ta yi wa Tarig ya isa.

A Ma'adi suka same ta ƙarƙashin bishiya, an rufe ta da tamfol. Insfekta ya yaye, ya ɗaga but ɗin gaba. Ga bakin tanki a ciki, inda yake tun fil azal. Dillali ya nuna Tarig ba tare da an tambaye shi ba.

"Ni ne," Tarig ya ce, kansa a ƙasa. "Jirgin ruwa nake son bi zuwa Turai. Na ga ai na bar miki wata, tana aiki, ba ki rasa komai ba. Inna, a rufa asiri, mu gama a gida."

"A gidan da ka tara mutane ka ce na haukace? Satar ma da sauƙi. Khalas, shi ke nan, ku tafi da shi."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tura shi cikin motar 'yan sanda.

Sai Insfekta ya gyara murya. "Hajiya, motar shaida ce. Za ta zauna a harabar ofishinmu har kotu ta gama."

"A rana? Tantin nan ya fi ka shekaru."

"Doka ce."

Inna Mahasin ta naɗe tamfol ɗin dillali ta rungume, ta buɗe ƙofar Bosuwajar ta zauna a kujerar gaba.

"To a ja mu tare. Ni zan nuna muku inda za a ajiye ta."