Kukan Jaririya a Bayan Mota

"Ni ce a hoton nan, Mama. Ba zan musa ba."

Injiniya ya juya ya dubi budurwarsa. Dakta na durƙushe gaban mahaifiyarsa, muryarta ko rawa ba ta yi. 'Yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe tana ƙulafucinsa, ita ta ɗauko hoton: Dakta tana fitowa daga gidan mata masu zaman kansu.

Cikin ladabi Dakta ta bayyana cewa ita likita ce, kuma malamar kiwon lafiyar al'umma a jami'a. Bincikenta a kan matan nan yake, cututtukansu da yadda ake korarsu a asibiti. Mama ta ce ko ta bar wannan ƙazamin aiki, ko ta bar mata ɗa. Dakta ta dube shi da jajayen idanu, ta yi sallama ta fita.

Shi kuwa ya rasa abin da ke masa daɗi, abinci ma ya gagare shi. Ganin yana ramewa, Mama ta ce ya ɗauke ta su je, ya ga wurin da idonsa, ko ya dawo hayyacinsa.

Da la'asar suka shiga lungun. Ɗakuna ne a jere, labulaye duk sun koɗe, mata sun yi cirko-cirko a tsakar gida. Dakta na ƙasa kusa da wata yarinya mai naƙuda, jini ya jiƙa tabarma. Masu tasi duk sun ƙi shigowa.

Ta ɗago ta gan su, ko kunya ba ta nuna ba.

"Abin ƙaunata, motarka... yanzu."

Bai san sa'ad da ya ɗauki yarinyar ba. Mama, da ta zo da niyyar tsine-tsine, sai ga ta a kujerar baya, kan yarinyar bisa cinyarta.

Ba su kai asibiti ba haihuwa ta zo. Ya gangara gefen titi ya tsaya. Jaririya ta fito shiru, jiki a sake, ba numfashi. Ta madubi ya ga Dakta ta share mata baki, ta murza bayanta, ta kafa bakinta a kan ɗan mitsitsin hancin tana hura iska, in ta ɗago ta yi wa uwar magana a hankali kamar ƙanwarta ta ciki ɗaya. Bai taɓa ganin nutsuwa irin wannan ba. Ya ƙanƙame sitiyari yana addu'a.

Sai kuka ya cika motar.

Mama ta yaye mayafinta mai tsada ta naɗe jaririyar, hawaye na bin kumatunta.

A barandar asibiti, bayan an ce uwa da 'ya sun tsira, Dakta ta zauna a benci, riga duk jini. Ya tsuguna gabanta ya ce ta yafe masa rashin kare ta da ya yi ranar nan a gaban Mama.

"Ba zan bar su ba fa," in ji ta.

"Ni ma ba zan bar ki ba, hasken idona."

Mama ta matso, ta daɗe tana kallonta, sannan ta dafa kafaɗarta.

"Tashi mu je gida, 'yata, ki yi wanka. Kai kuma, gobe ka kira mini kawunnanka, a je neman aure."