Hannun Hagun Salmanu

"Ɗago ki kalle ni, Asama'u. Ya yi miki, ko bai yi miki ba?"

Yaya Bukar ne tsaye a ƙofar ɗakin Iya, ya naɗe bel a hannu. Iya tana bakin gado da carbi, ba ta ja, ba ta kuma kallon 'yarta. Can gefe Huseina ce, 'yar ƙanwar Iya, ta rufe rabin fuska da gyale kamar mai tausayi. A tsakar tabarma an ajiye ƙwaryar rubutu.

"Me zai yi mini, Yaya?"

"Jaz. Kada ki mai da ni yaro. Na zauna a Legas, na san abin da suke kira jaz. Asiri ne. Huseina, maimaita."

"Ni fa ba na son shiga tsakani..." in ji Huseina, murya ƙasa-ƙasa. "Amma da bakinta ta ce mini, jaz ɗin Salmanu ya kama ta, ko abinci ba ta iya ci. Ta ce duk sirrin a hannunsa na hagu yake. Kuma kowa ya ga abin da yake ɗaurawa a wurin."

Asama'u ta juya ta dube ta.

Ba ƙarya a ciki. Haka ta faɗa, kalma bayan kalma, suna tsinkar zogale su biyu a bayan gida.

Huseina ce ma ta fara kai ta wurinsa. Shagon da suke koyon ɗinki a hanyar Makurdi bango ɗaya ne da wani tsohon sito, inda 'yan kiɗa ke gwaji bayan la'asar. Tun kafin ta san fuskar mai gangar, ƙafar Asama'u ta riga ta san shi, domin sau da yawa takan tarar keken ɗinkinta ya bar bin zare ya koma bin kiɗa. Rannan Huseina ta sha hoda da jan baki, ta ce, "Zo ki raka ni, akwai wanda nake son ya gan ni."

Salmanu na zaune a bayan tarin ganguna da faya-fayan tagulla, siririn mutum, ɗan Shabu, wanda ya yi yawon kiɗa a Jos da Makurdi. Irin kiɗan nasa su suke kira jaz. Hannun dama na gudu a kan tagulla, ƙafa na dirkar babbar ganga har ƙirji ya amsa. Wannan kowa na jinsa. Amma a ƙarƙashi akwai wani abu, ƙananan bugu kamar raɗa, waɗanda hagu ke zubawa a tsakanin manyan. Sai ya ɗauko kiɗan gayyar manoman garinsu ya cusa cikin na kaset ɗin ƙasar waje, ya karkata zuwa na Tibi, ya yi nisa har mai kaɗa jita ya fara zare ido, sannan ya faɗo daidai inda ya bar su, kamar bai je ko'ina ba.

Da ya tsaya Huseina ta tafa. "Kai, hannun nan kamar inji!"

Ya yi mata murmushin da ake yi wa kowa. Ya dubi wadda ta maƙale a jikin ƙofa.

"Ke fa? Ba ki tafa ba."

"Ina sauraro ne."

"Me kika ji?"

"Hagunka yana gardama da damanka. Dama ya ce mu tafi, hagu ya ce dakata tukuna... amma tare suke isa."

Salmanu ya ajiye sandunan a kan cinya. Ya daɗe yana kallonta.

Daga ranar ya sa mata suna Kunnena, ita kuma take ce masa Bahagona, ko da yake da dama yake cin tuwo. Da ta lura wuyan hannun na yi masa tsami in ya daɗe yana kiɗa, ta haɗa ragowar atamfa ta ɗinka masa maɗauri. Huseina na zaune a keken kusa da ita lokacin da take ɗinkin. Ita ta miƙo mata almakashi.

"Da ke ake magana," in ji Bukar.

"Yaya, jaz sunan kiɗan ne. Wallahi sunan..."

"Asama'u." Iya ce ta yi magana, karon farko. "Saurare ni da kyau, ba zan maimaita ba. In asiri aka yi miki, ke 'yata ce, ciwo ne ya same ki, za mu nemi magani, garin nan ya tausaya mana. In kuwa da hankalinki da ƙafarki kika bi makaɗi har cikin sito, kina 'yar gidan nan, to ɗauki akwatinki yanzu. Kabarin ubanki ma ba ki da shi."

A waje wata mai tallan doya ta wuce tana kira.

Asama'u ta dubi akwatin a saman kwaba. Ta dubi ƙafafun Iya, da lallen da ita ta ƙunsa mata da hannunta. Magana ce kawai, ta ce a ranta. Magana a cikin ɗaki. In ƙura ta lafa zan same shi in gaya masa, har dariya zai yi.

"Ya yi mini," ta ce.

"Ɗaga murya."

"Ya yi mini, Yaya."

Iya ta fashe da kuka, ta jawo ta jikinta tana shafa kanta. "'Yata... 'yar albarka... na san ba halinki ba ne." Asama'u ta ɗauki ƙwaryar ta shanye. Da ta sauke, Bukar ba ya bakin ƙofa.

Sai da aka kwana biyu aka bar ta ta koma shago, Huseina na biye da ita a matsayin mai tsaro. La'asar ta yi, bango bai motsa ba. Washegari ma haka.

Rana ta uku sai ga Doose, Batibiyar da ke yi wa 'yan kiɗan waƙa, mai Hausar 'yan koyo, ta tsaya a ƙofar shago ko sallama babu.

"Kai, madam tela. Fito."

Asama'u ta fito da zare a hannu.

"Yayanka ya gama aikinsa. Ka ji daɗi?"

"Wane aiki?"

"Su uku suka tare shi a hanyar Shabu, da safe, mutane na wucewa gona. Suka yanke wannan tsumma da ka ɗinka, suna neman laya. Babu komai, sai zare. Yayanka ya ce to a cikin ƙashi yake." Doose ta matso kusa. "Suka ɗora hannun a kan kwalbati. Da ƙotar fartanya. Wetin him do una, me ya yi muku? Kiɗa kawai yake yi."

"Wanne... wanne hannun?"

Doose ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Kai ne za ka tambaye ni?"

Ba ta koma ta ɗauki gyale ba. Motar farko da ta tsaya ta shiga.

Gidan su Salmanu na bayan wani kurmin mangwaro a Shabu. Yana zaune a kan benci a inuwa, hannun hagu ɗaure cikin karare da tsumma, irin ɗorin gargajiya. Yatsun da suka leƙo sun kumbura, biyu ba sa kallon inda sauran ke kallo. Tsohuwarsa na ganin Asama'u ta ɗauke tiren gyaɗarta ta shige ciki.

"Bahagona..."

"Sunan ya tashi aiki. Zauna in kina so."

Ta durƙusa a ƙasa. "Ban san zai yi haka ba. Wallahi ban sani ba. Huseina ce ta juya maganar, ita ta..."

"Na sani. Huseina ba ta dame ni ba." Muryarsa a kwance take, babu zafi a ciki, abin da ya fi tsorata ta ke nan. "Kin san me nake tunani lokacin da suka danne ni? Na miƙa musu dama. Da kaina. Na ce ga shi, ku yi abin da za ku yi. Duk wanda zai karya makaɗi dama zai nema, shi ake gani yana tashi sama. Da dama ne, da na ɗaure sanda a jiki na ci gaba da lallaɓawa."

Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Sai yayanki ya ture shi da ƙafa. Ya ce ba wannan ba, ɗayan. Na ce a raina, ikon Allah, mutumin da bai taɓa zama ya ji ni ba." Ya ɗan yi murmushi. "Duk garin Lafia mutum ɗaya ne ya san inda nake ajiye kaina."

"Yabo ne, Salmanu. Yabonka nake yi lokacin da na faɗa."

"Na yarda. Da suka tambaye ki a gida fa, shi ma yabo ne?"

Ta kafa ido a kan kararen da ke hannunsa.

"Yayanki ya ce mini da bakinki kika amsa. Har sau biyu."

"Iya ta ce za ta sallame ni... Ka ce in zauna, in zauna. Yanzu. Ba zan koma ba. Zan yi ɗinki in riƙe mu, masoyina, ni zan zama hannun..."

"Saurara."

Ya ɗora hannun dama a kan benci ya fara bugawa da yatsu, diddigensa na amsawa a ƙasa. Kiɗan ranar farko ne. Dama na tafiya daidai, ƙafa na faɗuwa daidai. A tsakaninsu kuwa fili ne, rami bayan rami, duk inda raɗar nan take zama.

"Me kika ji, Kunnena?"

"Ka bari..."

"Ai ke ba kya tafi, sauraro kike yi. Me kika ji?"

"Babu," ta ce da ƙyar. "Babu kowa a tsakani."

"To kin gani. Wata macen zan iya buga mata wannan ta yi rawa, ta ce na iya. Ke kuwa kullum na taɓa benci sai kin ji abin da babu, ni kuma in gani a fuskarki." Ya janye hannun. "Tashi ki tafi tun da sauran mota. Ki gaida Iya. Ki ce mata maganin ya ci."

Bayan sallar layya 'yan kiɗan suka samo wani mai ganga daga Obi, ƙaƙƙarfa, mai dukan tagulla kamar yana jin haushinta. La'asar na yi bangon shago ya ɗauki rawa. Masu wucewa suka tsaya, yara suka taru a tagar sito.

Huseina ta ɗaga kai daga kekenta, tana gyaɗa kafaɗa.

"Wallahi wannan ma ya fi wancan. Ko ba haka ba, 'yar'uwa?"

Asama'u ta saita bakin zanen a ƙarƙashin allura, ta taka keken. Ɗinkin ya tafi a miƙe har ƙarshe, bai kauce ko sau ɗaya ba.