Yaron da Ya Ƙaurace wa Kakarsa

Kwana shida ke nan wani yaro a Madarunfa yana ɗauke da damuwa shi kaɗai.

A shekarar korona ne. An rufe lakwal, wato makarantar boko, an hana taro. Yaron yana aji biyar, kuma yana da aiki guda kowace safiya. Shi ke kai wa Kaka Rabi koko a ɗakinta na bayan gida.

Kaka tana wasan jika da shi. Da ta gan shi sai ta ce, "Ga maigidana! Yau ma ba tsaraba?"

Shi kuma ya ce, "Wa zai yi wa mai haƙori biyu tsaraba?" Su yi ta dariya.

Wata rana ya ji a rediyo an ce yaro yana iya ɗaukar cutar bai sani ba, ya sa wa tsoho. Washegari ya tashi da tari.

"Shi ke nan, na kamu," ya ce a ransa. "In na matsa kusa da Kaka, ni zan kashe ta."

Bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa ajiye kokon a bakin ƙofa ya gudu. In Kaka ta kira shi, ya yi kamar bai ji ba. Yana ta wanke hannu da sabulu har fatar ta tsage. Tuwo ma ya daina shiga.

Kaka kuwa ta daina kiran shi. Koko ya riƙa komowa yadda aka kai shi. Ta daina fitowa inuwa, ta fara ramewa.

Mahaifiyar yaron, Atika, ta shiga wurin Kaka ta ce, "Inna, ko jikin ne?"

Kaka ta ce, "Jikina lafiya lau. Maigidana ne ya sake ni, ban san laifina ba." Ta so ta yi dariya, sai hawaye.

Atika ta sami yaron a gindin randa yana wanke hannu. Ta riƙe hannun ta duba.

"Ɗana, mi ya haɗa ka da kakarka?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ba ya tsaga hannu haka. Zauna. Ba dukanka zan yi ba."

Sai ya fashe da kuka. Ya faɗa mata maganar rediyo da tarin, da tsoron da ya cika masa ciki.

Atika ta ce, "Wayyo ni! Kwana shida kana ɗauke da wannan?"

Ta kai shi wurin Madam Hadiza, malamar asibiti. Madam ta gwada zafin jikinsa, ta saurari ƙirjinsa.

"Ka shiga tafki kwanan nan?"

"Sau biyu," in ji shi, yana sunkuyar da kai.

"To, sanyi ne ka kwaso, ya ma kusa warkewa. Niyyarka mai kyau ce. Amma tsoro ma ciwo ne in an ɓoye shi. Kakarka kuma kewa ke cin ta. Ka sa takunkumi, ku zauna a waje, ka bar taku uku tsakaninku."

Da safe ya sa takunkumi, ya shimfiɗa tabarma biyu a gindin dalbejiya. Ya ajiye koko, ya ja da baya taku uku.

"Kaka, ki yafe mini. Tsoro na ji kar in sa miki cuta."

Kaka ta leƙo, ta dube shi da kyau.

"Wane maigida ne wannan da baki a ɗaure kamar ɗan maraƙi?"

"Mai gadin haƙoranki biyu ne!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta fito ta zauna, ta shanye kokon tas, ta ce a ƙaro.

Tun daga ranar yaron ya gane cewa damuwa ba abin ɓoyewa ba ce. In tsoro ya kama ka, ka faɗa wa babba. Kuma ko an ce a yi nesa da juna, kada a daina magana da juna.