Keken Saminu da Hanyar Tungar Ɗorawa

Ranar kasuwar Anka Saminu ya fara ganin Lauratu, ta kawo wayar Innarta caji a rumfarsa. Ya karɓi wayar, ya liƙa mata lamba, sannan ya miƙa mata katin wani mutum daban. Sai da ta yi dariya ya gane ɓarnar da ya yi.

"Malam, wanga katin ba nawa na ba."

"Yi haƙuri, hankalina bai nan," in ji shi.

Tun daga ranar batirin wayar Inna Habsu ya kamu da ciwon da ba ya jin magani, kullum sai an kai shi caji. Inna ta gane, ta ƙyale ta. Bayan wata shida Saminu ya aiko da maganar aure, a nan ne fargaba ta shigo.

Mahaifin Lauratu ya rasu, don haka mai ba da aurenta shi ne Baffa Makau, wan mahaifinta, da ke Tungar Ɗorawa. Shekara bakwai baya, lokacin da gubar dalma ta dutsen zinari ta yi ta kashe yara, Baffa ya binne 'ya'yansa biyu cikin mako ɗaya. Ya rantse wanda ya taɓa sana'ar dutsen nan ba zai auri ɗiyar gidansu ba. Namadi mai sayen zinari ya gwada neman Lauratu, da sabon babur da turare, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

Saminu kuwa ya yi shekara guda yana niƙan dutse a ƙauyen Kwari tun yana saurayi. Lauratu kaɗai ya gaya wa.

Baffa ya aiko cewa yaron ya zo ranar Asabar, amma ban da babur, don mutanen Tunga da sun ji ƙararsa sai su watse cikin gero, suna zaton ɓarayin shanu ne. Saminu ya fito da tsohon keken babansa, wanda rabonsa da hawa tun yana firamare. Ya sa masa sabon tub, ya zuba wa sarƙa mai, ya ɗaura famfo da faci a baya. Kwana uku yana zagayen gari da yamma, yana dawowa yana tafiya kamar agwagwa.

Lauratu ce ta tsara tafiyar, don ta san hanyar tun tana ƙarama. Ta tura masa saƙo a waya.

"Sanyin idona, ka hita da an sallame asuba. Kilomita ashirin da biyar na. Ka huta ƙarƙashin tsamiyar bakin gulbi, ka ci ƙuli ka sha ruwa. Ka isa da hantsi, ka juyo kahin la'asar."

Wani saƙon ya biyo baya.

"Don Allah ka bi hanyar gulbi ko da ta hi nisa. Kada ka bi ta Kwari, an san ka can."

Amsarsa ta shigo. Gajeriya ce: "Laure, kunyata kika ji?"

Hawaye suka cika mata ido. "Tsoro nika ji, masoyina. In Baffa ya sani, an raba mu."

"To, na ji. Gulbi zan bi."

Ranar Asabar Lauratu ta tashi da wayarta a hannu. Ƙarfe bakwai ya rubuto ya wuce gonakin bayan gari. Ƙarfe takwas taya ta yi faci, ya gyara. Wajen ƙarfe tara saƙo ya shigo: "Gulbi ya kawo, babu mai hito da kwalekwale." Ta kira, ta sake kira, wayar ba ta shiga.

Azahar ta yi babu labari. Lauratu ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Inna Habsu ta dube ta ta ce, "Ke ɗiyar ga, zamna kada ki huda ƙasa." Ba ta iya zaman ba. In ya gwada ƙetarewa da keke ruwa zai tafi da shi, in kuma ya bi ta Kwari Baffa zai gane.

Ta Kwari ya bi. Rana ta take ya isa Tunga, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tarar da Baffa Makau zaune gindin ɗorawa yana tufkar igiya, ya jingine keke ya durƙusa ya gaishe shi. Aka kawo masa fura. Sai da ya sha tsohon ya ɗaga kai.

"Gulbi ya kawo tun jiya. Ta ina ka biyo?"

"Ta Kwari, Baffa."

"Hanyar Kwari ta mutu tun da aka rufe injinan niƙan dutse, ciyawa ta cinye ta. Baƙo bai gane ta. Wa ya nuna maka?"

Saminu ya ajiye ƙwaryar fura. Ga ƙarya nan kusa, zai iya cewa makiyaya ya tambaya, shi ke nan. Ya tuna Lauratu da saƙonninta.

"Ba kowa, Baffa. Na yi shekara ina niƙan dutse can. Da hannuna ni ɗura ma mutane garin dutsen a buhu suka kai gidajensu. Ban san shina kisa ba, amma na yi."

Igiyar ta tsaya a hannun tsohon. Saminu ya fara tunanin yadda zai gaya wa Lauratu an raba su.

"Buhu ukku," in ji Baffa a hankali. "Ni da kaina ni ɗauko su daga Kwari, ni aje su tsakar gida inda yaran ka wasa. Shekara bakwai ina zagin masu dutse, ban taɓa faɗin wagga magana da bakina ba." Ya share ido da gefen rawaninsa. "Tashi, ɗana, rana na gudu. Ka gaya ma manyanka su zo. Na ba ka Lauratu."

Ana dab da magariba wayar Lauratu ta yi ƙara. Ta buɗe saƙon.

"Amaryata, na gaya mai komi. Ya ba ni ke. Ƙafafuna dai ba su san ni ba."

Ta zube a jikin Inna tana kuka tana dariya.

Bayan an gama girbin gero aka ɗaura auren a ƙofar gidan Baffa. Da liman ya shafa fatiha, tsohon ya riƙe hannun ango ya ƙi saki. "Allah shi ba ku 'ya'ya," ya ce, "shi kuma bar muku su, su girma a gabanku."

Jama'a suka amsa da amin.