Lallen da Ke Bangon Yaƙin Ruwa

Da hantsi zirnaƙo goma sha biyu suka tashi daga jakar Sallau mai hoto, suka yi sama suna kuka ƙasa-ƙasa, suka kewaye Hasumiyar Rana. Zirnaƙo shi ne sunan da mutanen Birnin Magarya suka laƙaba wa ƙananan kyamarori masu fiffike, kowacce ba ta fi babban yatsa ba. Cikin minti huɗu sun ɗauke hoton hasumiyar tun daga gindi har ƙololuwa, bene ɗari da tara. Sallau ya duba allon da ke ɗaure a hannunsa. Kashin tattabarun da ke bene na sittin ya ɓace. Tsatsar da damina ta zubo a gefen gabas ita ma babu ita. Hoton ya fito fes, sai ka ce ranar da aka buɗe ginin.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2131 Hukumar Ƙawata Birni ta sayo wata ƙwaƙwalwar na'ura da ake kira Matata, don aikinta tacewa ne. Duk hoton da zirnaƙo suka kawo sai ta tace shi, ta cire duk abin da babu shi a zanen ginin na asali. Wannan ba sabon abu ba ne, masu hoto sun daɗe suna yi wa fuskokin amare haka. Sabon abin shi ne, bayan kwana uku sai a saki gizagizai, wato injinan gyara masu ƙafa takwas kamar gizo-gizo da ke hawa bango, su je su kankare ginin har ya yi daidai da hotonsa. A da hoto ne ke bin gini, yanzu gini ke bin hoto, kuma a garin nan aka samu manya masu digiri suka miƙe tsaye suna tafa wa wannan wauta. Birnin yana neman lambar yabo ta tsabta a nahiyar baki ɗaya, shi ke nan dalili.

Sallau bai ga laifin aikin ba. Ranar Litinin ya ɗauki hasumiya, Talata ya ɗauki Gadar Sama da ƙatuwar Ƙwaryar Tagulla da ke shataletalen kasuwa. Ranar Laraba jerin aikinsa ya kai shi Bangon Yaƙin Ruwa.

Bango ne na baƙin dutse, tsawonsa taku ɗari biyu, an sassaƙa masa sunayen mutum dubu shida da suka mutu shekara arba'in da suka wuce, lokacin da garuruwa suka gwabza a kan madatsar ruwa. A ƙarshensa ta yamma akwai fili babu rubutu. A nan ne za ka ga tambarin yatsu ja-ja-ja na lalle, guda ɗari uku da goma sha ɗaya, daga daidai gwiwa zuwa ƙirji.

Asalinsu abin takaici ne. Da za a gina bangon, sai aka kafa sandar rajista mai sauraron murya, aka ce uwa, ko uba, ko matar mamaci su zo su faɗi sunansa da baki, muryarsu ita ce sa hannu. Waɗanda suka tsara haka a garin nan aka haife su, amma ko ɗayansu bai tsaya ya yi tunani ba. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan farinta? Wace mace ce ta wancan zamani za ta kira sunan mijinta gatsal a bainar jama'a? Suka yi layi a rana suna cewa "yaron nan", "shi wannan ɗin", "maigidan". Sanda tana amsa musu, "Ba a gane ba." Da suka gaji sai suka koma gida suka kwaɓa lalle, suka dawo kowacce ta dangwala babban yatsanta a jikin dutsen. Duk shekara ranar tunawa sukan zo su sabunta a daidai wurin, har dutsen ya sha launin. Kowacce ta san nata ko idonta a rufe.

Ɗaya daga cikin tambarin na Inna Tasalla ne, mahaifiyar Sallau. Ɗan farinta Ilyasu ya tafi yaƙin yana ɗan shekara goma sha tara, rigarsa kawai aka dawo da ita.

Sallau ya san duk wannan, don tun yana ɗan shekara tara yake rako ta. Amma hannu ya saba, ga rana, ga yunwa. Ya saki zirnaƙo, suka gama, ya danna maɓallin aikawa, sannan ya dubi allo. Ƙarshen bangon ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, babu ko ɗigon ja.

Bai bi ta kan abinci ba, ya hau jirgin da ke tafiya a kan waya ya sauka ofishin Darakta Bashari Wada, shugaban hukumar.

"Ranka ya daɗe, a janye hoton bango. Matata ta goge lallen."

Darakta bai ɗago daga allonsa ba. "Ai aikinta ke nan, Malam Sallau. Datti datti ne."

"Ba datti ba ne, ranka ya daɗe. Yayana ne."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce Allah ya jiƙansa, kuma da gaske ya faɗa, don shi ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da suka fi tsoron na'ura fiye da tsohuwa. Ya yi bayani cewa hoton da ya shiga cikin Matata ba ya fita, an yi hakan ne don kada wani ya karɓi na goro ya sauya. Ranar Asabar gizagizai za su isa bango.

"Amma kwantar da hankalinka," in ji shi. "Sandar rajista tana nan, ba a taɓa kashe ta ba. A faɗi sunan, gizo ya sassaƙa shi da kyau kamar na kowa. Ai ya fi lalle mutunci."

"To ni zan faɗa."

"Uwa, ko uba, ko mata. Haka aka tsara."

"Waɗanda iyayensu suka rasu fa? Jikoki ne ke sa musu lallen yanzu."

Darakta ya buɗe hannuwa. "Shekara arba'in ƙofa a buɗe, Malam Sallau. Wa ya hana su?"

Sallau ya fito yana jin kamar ya rusa ofishin da hannu. Wa ya hana su! Kunya ta hana su, tarbiyyar da aka yi wa uwar Daraktan kansa ta hana su.

Ya sami Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Kai ka ɗauki hoton, Auta?"

"Ni ne, Inna."

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. "Shekara hamsin da tara ban kira shi ba," ta ce. "Ko ranar suna da malam ya faɗa, toshe kunnena na yi. Ko ranar da aka kawo rigar. Ba don ba na son sa ba ne, kai ma ka sani."

"Na sani, Inna. In ba a faɗa ba, ranar Asabar babu shi a bangon nan sam."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Amma ranar Asabar da safe ya tarar ta yafa mayafinta tana jiran sa a zaure.

Gizagizai shida suka iso da ƙarfe tara, suka fara daga ƙasa suna fesa ruwa da yashi. Jama'a sun cika filin. Jikoki suna ihu, wani yana jifa da takalmi. Sallau ya je ya manna bayansa a kan tambarin Inna, gizo ya sa ƙafa biyu ya ɗaga shi a hankali ya ajiye gefe kamar kwandon shara, ya ci gaba da aikinsa. Cikin matan da suka fara dangwala lallen, goma sha bakwai ne suka rage da rai, suna tsaye a rukuni, sun rufe baki da mayafi.

Inna Tasalla ta taka zuwa gaban sandar. Fitilarta ta kama.

"Faɗi sunan mamaci."

Leɓenta ya motsa. Ko Sallau da ke riƙe da hannunta bai ji ba.

"Ba a ji ba. A ɗaga murya."

Tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai, a gaban surukai da jikokin maƙwabta da zirnaƙon 'yan jarida, ƙarfe yana ce mata ta ɗaga murya. Wallahi ko dutsen ya kamata ya ji kunya. Ta runtse ido, ta damƙe hannun Sallau har ƙashi ya yi ƙara.

"Ilyasu!"

Wata tsohuwa ta durƙushe tana salati.

"An karɓa. Mun gode da haɗin kai."

Gizo ɗaya ya bar 'yan'uwansa ya ruga can tsakiyar bango, ya haura sama inda layin harafin yake, ya yi ƙara na 'yan daƙiƙu. Wani gizon kuma ya bi ta kan tambarinta ya wuce. A ranar mata huɗu ne suka iya faɗa. Sauran ɗari uku da bakwai ruwa ya tafi da su cikin kwata, ja-ja-ja. Bayan wata biyu Birnin Magarya ya ci lambar yabon da yake nema.

Amma a safiyar nan Inna ba ta san da wata lamba ba. Ta saki hannun Sallau ta nufi wurinta, taku goma sha ɗaya daga ƙarshen bango, ta miƙa babban yatsa. Dutse ne sumul, mai sanyi. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa.

"Ina suka kai shi?"

Sallau ya ja ta zuwa tsakiya, ya nuna sama, wurin da ya fi tsayin mutum biyu. "Ga shi can, Inna. Layi na huɗu daga sama."

Ta ɗaga kai tana kare rana da tafin hannu. Ba ta yi boko ba, idon ma ya yi rauni. Ta miƙe a kan yatsun ƙafa, hannunta bai kai ko rabi ba.

"Auta," ta ce, "na kira shi a gaban mutane bai amsa ba, kuma sun ɗauke mini inda nake taɓa shi."