Ranar da Na'ura Ta Farfaɗo

Ana saukowa daga sallar Juma'a aka kira Sufeto Tambaya. Kwalba shida ta maganin dafin maciji ta ɓace daga wani ɗakin ajiyar magani a Gusau. Sufeton nan sunansa ya bi shi, ko gaisawa kuka yi sai ka ji kamar kana ba da jawabi.

Alhaji Muktar, mai wurin, ya riga ya yanke hukunci. "Ɗakin sanyi da yatsa ake buɗe shi, kwamfuta na riƙe sunan mai yatsan. Sai ga ta ta sume daidai lokacin salla. Wa anka bari nan? Zahra'u, mai kula da ita. Ku tafi da ita!"

Zahra'u ta yi wa Sufeto bayani. "In babbar manhaja ta faɗi, akwai ƙarama ta ceto da ke tashi ta kwafe abin da ke ƙwaƙwalwar na'ura. Amma ƙofa da firji da kamara, kowanne na da ƙararrawar da yake kiran na'ura da ita. In babbar ta faɗi ta bar su suna kaɗawa, ƙaramar na buɗe ido sai kira ya rufe ta, ta sandare."

"Yau ma ta sandare?"

"Ta sandare, Yallaɓai."

Ta ba shi tausayi, amma ya lura ba ta kallonsa, tayil ɗin ƙasa take gaya wa.

A bayan ƙofar ɗakin sanyi ya tarar an fere wayar na'urar yatsa, an haɗa bakinta don ta yi ta kira ba tsayawa, sannan aka ɗaure da ƙullin dabaibayi. Injiniya irin Zahra'u da tef take ɗauri, wannan kuwa ƙullin makiyayi ne.

Ya kira Baba Hamidu, dattijon da ke jera kaya, tsohon makiyayi daga Bungudu.

"Ina kake da azahar, Baba?"

"Masallaci nike, sahun gaba."

"Mi liman ya yi huɗuba a kai?"

Dattijo ya daɗe yana gyara hula. "Tsoron Allah."

Sufeto ya koma wurin Alhaji. "An taɓa na'urar kwanan nan?"

"Ranar Litinin Zahra'u ta hana mu aiki wuni guda, wai tana gyaran ƙararrawa!"

Ya tara su ukun gaban kwamfuta. "Malama Zahra'u, gyaran mi kika yi?"

Hawaye suka zubo mata. "Na koya wa ƙaramar, in ta tashi ta fara kashe kowace ƙararrawa, ta share kiran da aka bari, sannan ta yi kwafi."

"Ke nan ta farfaɗo, kuma kin ga sunan. In ba ki buɗe kwafin ba, ke zan rufe."

Ta naɗe hannuwanta ta ƙi taɓa komai.

"Bar ta, Yallaɓai," in ji Baba Hamidu. "Yatsana ne. Kullum ina ji tana ƙorafin in na'ura ta sume ba ta tuna komi, ban san an gyara ba. Kububuwa ta sari matata Saude a gona da hantsi. Anka nemi magani Bungudu, anka nema Tsafe, babu. Na roƙi Alhaji, ya ce sai bayan salla. Dafi bai san salla ba. Na ɗauki kwalaben, na ba wani direba ya kai mata."

Alhaji Muktar ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya ciro ankwa, ya juya ta a hannu, ya mayar aljihu. Zuciyarsa ta yi nauyi, amma doka ba ta da ƙani.

"Ya jikin nata?" ya tambayi dattijon.

"Ta buɗe ido, ta sha kunu."

A bakin motar 'yan sanda, ana shirin tafiya da Baba Hamidu, Zahra'u ta durƙusa tana kuka. "Baba, da na sani da ban gyara ba."

"Tashi, ɗiyata," ya ce. "Da ba ki gyara ba, da ke ce cikin motar nan, ni ina tsaye ina kallo. Wannan ɗaurin ya fi wancan sauƙi."