Rubutun da ke Nuna Rijiya

A can wani zamani, wani marubuci ya sassaƙa rubutu a jikin dutse don matafiya masu jin ƙishirwa: "Rijiya tana bayan bukkar Jatau."

Jatau ya ƙaura, bukka ta rushe. Matafiya suka ɓata.

Ya kankare, ya rubuta: "Rijiya tana gindin tsamiya." Iska ta kayar da tsamiya. Matafiya suka sake ɓata, har jakin wani ya mutu.

Marubuci ya zauna ya yi tagumi. "To, me zan rubuta? Duk abin da na ambata sai ya gushe!"

Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta ce, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Daga dutsen nan gabas nake fuskanta, in yi taku ɗari."

Ya miƙe, ya ɗauki gudumarsa. "Iya, maimaita a hankali."